Yadda kaka ke sauya dabarun kamun kifi a madatsar ruwa ta Zobe

Da zarar damina ta ɗauke a watan Oktoba, masunta a yankin Dutsin-Ma da Kurfi da garuruwa irin su Birchi a jihar Katsina kan shiga lokacin da ya fi kowanne muhimmanci a sana'arsu.

Mafi yawan kifin yankin yana fitowa ne daga madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala ginawa a shekarar 1983 a kan kogin Karaduwa, a zamanin mulkin Shugaba Shehu Shagari.

Duk da cewa an gina ta ne domin noman rani da samar da ruwan sha, madatsar ta zama wurin neman abinci ga masu kama karfasa da tarwaɗa da ƙurungu.

Me ya sa kaka ta bambanta?

A lokacin damina ruwa kan cika ya malala cikin ciyayi da fadamu, inda kifaye ke bi su yi ƙwai, su kuma sami abinci a wadace.

Idan ruwan ya fara janyewa da kaka, sai kifayen su kamo hanyar komawa zurfi, alhali sun yi ƙiba.

Wannan ne ya sa masunta ke kafa tarkuna irin su gura da undurutu a bakin ƙoramu da mashigar ruwa, wato hanyoyin da dole kifi ya ratsa.

Sai dai kuma a daidai lokacin ne lakar da damina ta kwaso ke kwantawa, ruwa ya yi garau. Kifi kan hango raga da inuwar mutum, don haka mai jefa birgi ya fi dacewa da sassafe ko da almuru.

Abin da ake sa wa ƙugiya shi ma kan sauya. Tana, wadda ake samu cikin sauƙi da damina, takan yi wuya idan ƙasa ta bushe, sai masu fatsa su koma ga fara, wadda ke yawaita a gonaki lokacin girbi, kuma kifi ya saba ganin ta tana faɗowa ruwa.

Irin wannan hikima ce masu kamun kifi a Turai da Amurka ke amfani da ita, inda suke ɗaura gashin tsuntsu a jikin ƙugiya ya yi kama da ƙwaro, domin yaudarar wani kifi mai suna trout. Shi wannan kifi ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi ƙwarai, abin da ya sa ba a samun sa a kogunan ƙasar Hausa.

Shigowar hunturu

Daga watan Disamba zuwa Janairu al'amura kan sake juyawa.

Jikin kifi yana bin zafi ko sanyin ruwan da yake ciki ne, saboda haka idan iskar hunturu ta kaɗa, karfasa kan rage cin abinci, ta koma ƙasa ta lafe.

A irin wannan yanayi mai fatsa ya fi samun sa'a da rana tsaka, bayan ruwa ya ɗan yi ɗumi, yayin da masu neman tarwaɗa ke shimfiɗa mamari su bar shi ya kwana, kasancewar ita da dare ta fi yawo.

Iskar kan kuma tayar da igiyar ruwa, lamarin da ke da haɗari ga ƙananan jiragen masunta.

Barazanar da ke tattare da lokacin

Babbar matsalar kaka ita ce, tare da manyan kifaye ne 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe da damina ke saukowa.

Raga mai ƙananan idanu, musamman gidan sauro da wasu ke mayarwa abin su, kan kwashe su tun ba su kai ga yin ƙwai ba.

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin gida da gwamnatin Najeriya ta kafa a shekarar 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwa masu fashewa da kuma lantarki, ta kuma ƙayyade girman idon ragar da aka yarda da ita.

Guba dai ba ta tsaya ga kifi kaɗai ba, domin daga ruwan ne mutane da dabbobi ke sha.

A al'adance sarkin ruwa ne ke sa ido a kan masunta, kuma galibi da haɗin kansa ne jami'an gwamnati ke iya tabbatar da bin doka.

Yawan kifin da zai isa kasuwannin Dutsin-Ma da Kurfi da Birchi a baɗi, ya dogara ne ga yawan ƙananan da aka bari suka tsira a kakar bana.