Taragon Cikin Gari: Yadda Aka Cire Shi, Aka Kuma Dawo Da Shi

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san abin da kuɗin A Daidaita Sahu ya koma. Na san ɗaliban da yanzu a ƙafa suke zuwa makaranta. Shi ya sa yau na ce bari mu waiwayi tarihin taragon cikin gari, wanda Turawa ke kira taram.

Shi taram ƙaramin jirgin ƙasa ne da ke bin layin dogo a tsakiyar titi, yana tsayawa unguwa-unguwa. A New York, a 1832, dawakai ne ke jan sa. Dabarar ita ce ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe ba ta da nauyin ja, sai doki ya ja mutane da yawa. A 1881 kamfanin Siemens ya fara na lantarki a gefen birnin Berlin na Jamus. A 1882 kuma suka gwada ƙanensa, wato bas da ke shan wuta daga waya a sama, ba ya buƙatar dogo. Da Frank Sprague ya shimfiɗa nasa a Richmond ta Amurka a 1888, sai birane suka yi ta kwaikwayo.

Kada ku ɗauka abin na Turai ne kawai. Iskandariya ta Masar ta samu nata tun 1863, Alƙahira a 1896. Kai, Legas ma ta yi taram mai tururi daga 1902 zuwa 1933.

To me ya kashe shi? Mota da man fetur mai arha. Layuka sun tsufa, gyara da tsada, masu motoci na cewa yana tare musu hanya. Sai hukumomi suka ga bas mai dizal ya fi sauƙi. Landan ta cire taram a 1952, ta bi da bas mai waya a 1962. Amma Melbourne ta Ostareliya ta ƙi cirewa, yau tana da layi kusan kilomita 250.

Bayan tashin farashin mai na 1973, ga cunkoso ga hayaƙi, aka gane an yi kuskure. Nantes ta Faransa ta dawo da shi a 1985, yankin Paris a 1992. A nahiyarmu, Rabat da Aljiyas sun buɗe a 2011, Kasabalanka a 2012, Addis Ababa a 2015.

Ni darasin da na ɗauka guda biyu ne. Na farko, tarago ɗaya na iya kwasar mutum kusan 200. Ku lissafa Keke nawa ke nan. Na biyu, ba a gina shi a kan biki da yanka kyalle. Yana son wuta tsayayya, da kuɗin gyara duk shekara, da layin da ya bi inda talaka ke zuwa: kasuwa, asibiti, makaranta.

Don haka 'yan'uwana matasa, duk ɗan takarar da ya yi mana alkawarin jirgin cikin gari, mu tambaye shi: wutar daga ina? Wa zai riƙa gyara? Nawa ne kuɗin shiga? Kuma ina za a kai masu Keke da wannan sana'a ke ciyar da iyalansu?

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya bar mu tare.