Jarrabawar Lasisin Likita: Kwana Zaune Ba Ya Kai Mutum Gaci

Ɗan Najeriya da ya karanta likitanci a Sudan, Masar, Indiya ko Sin, takardar da ya dawo da ita ba ta ba shi izinin duba ko da mai ciwon kai. Sai ya ci jarrabawar Hukumar Kula da Likitoci ta Najeriya, wato MDCN, sannan a ba shi lasisin wucin gadi, ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci. Jarrabawar kuwa ba ta da sassauci. A wadda aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a watan Nuwamban 2023, mutum 836 suka zauna, 433 suka faɗi.

Na sha zama da ƙannenmu masu shirin wannan jarrabawa, kuma da wuya na ga rago a cikinsu. Yawancinsu karatu ne ya yi musu yawa har ya daina shiga. Yaro zai kulle ɗaki tun bayan Isha'i, ga fulas ɗin shayi ga goro, sai kiran asalatu. Mako uku a haka ido ya zurma, abu kaɗan ya hasala, ya bi shafi sau uku bai san me ya karanta ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace alamomin irin wannan gajiya ga ma'aikata: ƙarewar kuzari, tsanar aikin, da raguwar ƙwazo. Duk ukun ina ganinsu a wurin ɗalibai.

Tushen matsalar shi ne yadda ake karatun. Maimaita littafi yana ruɗar mutum, domin kalmomin sun zama sanannu, sai ya zaci ya iya. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma bita a rarrabe ita ke rage ta. Almajiri ya san wannan, shi ya sa yake kife allo ya kawo hadda da ka. Saboda haka ka rufe littafi, ka amsa tambayoyi talatin ko arba'in, ka bi waɗanda ka kuskure ɗaya bayan ɗaya, ka sake waiwayarsu bayan kwana biyu, sannan bayan mako. Awa shida a haka sun fi sha huɗu na kallon takarda.

Akwai kuma abin da ɗaki ba zai koya maka ba. Ban da tambayoyin kwamfuta, ana gwada mutum a aikace: a ba ka 'yan mintoci ka ɗauki tarihin ciwo, ka duba ciki, ko ka yi wa uwa bayanin maganin ɗanta. Cututtukan kuma namu ne. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sikila, sanƙarau, tamowa, zazzaɓin Lassa, jijjigar masu juna biyu. Wanda ya yi karatu a ƙasar sanyi yana iya gamawa bai taɓa ganin yaron da sauro ya sumar ba. Waɗanda suka yi karatu a Sudan sun ɗan fi shi sa'a a nan. Ka nemi izini a asibitin da ke kusa ka riƙa bin zagayen safe, da yamma ku haɗu ku uku, ɗaya likita, ɗaya majinyaci, ɗaya riƙe da agogo.

Barci kuwa yana cikin karatun, domin a lokacinsa ƙwaƙwalwa ke adana abin da ta ɗauka da rana. Baligi na buƙatar aƙalla awa bakwai. Kofin da ka sha da la'asar, kusan rabin sinadarinsa yana jininka bayan awa biyar, don haka ka dakatar da shi daga azahar. Mai ba ka shawarar ƙwaya don ka hana ido barci kuwa, ka yi nesa da shi. Ka ware yini guda a mako, ko Juma'a ce, ka je ƙwallo ko zumunci. In ka ga barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita ranka, ko ka fara jin rayuwar ba ta da amfani, ka ga likita a ranar.

Sauran nauyin daga gida yake. Tun yaro na filin jirgi aka fara kiransa "Likita", wani ma gona aka sayar aka kai shi, kowace gaisuwa kuma sai an tambayi yaushe zai fara aiki. Iyaye, don Allah ku rage masa aike da tambaya, ku bar shi ya yi barci. In ya faɗi, kada a yi masa gori. Jarrabawar ana sake zamanta.