Matsayin Mol Wajen Lissafin Haɗuwar Sinadarai

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi bayani a kan mol da yadda ake amfani da shi wajen gano yawan abin da haɗuwar sinadarai za ta ci da wanda za ta haifar. Mun lura cewa ɗalibai da dama, idan suka ga 2H₂ + O₂ → 2H₂O, sukan ɗauka giram 2 na haidirojin ne ke haɗuwa da giram 1 na oksijin. Alhali kuwa waɗannan lambobi ƙidayar ƙwayoyi suke nunawa. Ɗalibin da ya fita da wannan kuskure, shi ne gobe zai koyar da shi a sakandare.

Ma'anar Mol

Kamar yadda ƙwaryar goro ke nufin goro 100, ko manya ne ko ƙanana, haka mol ɗaya ke nufin ƙwayoyi 6.02214076 × 10²³. A 1971 aka shigar da mol cikin ma'aunan duniya, a 2019 kuma aka tsayar da ma'anarsa bisa wannan adadi. Tun da yake ƙwayoyin sinadarai sun bambanta a nauyi, mol ɗaya na H₂ giram 2 ne, na O₂ kuwa giram 32. Ke nan giram 4 ne ke haɗuwa da giram 32, su ba da ruwa giram 36.

Misali

Mu ɗauki dutsen da ake gasawa a masana'antun siminti na Sakkwato da Ashaka: CaCO₃ → CaO + CO₂. Mol ɗaya na CaCO₃ giram 100 ne, na CaO giram 56, na CO₂ giram 44. Idan aka gasa giram 250 na tsantsarsa, matakai uku za a bi. Da farko a raba 250 da 100, a sami mol 2.5. Sa'an nan a dubi lambobin haɗuwar, waɗanda a nan ɗaya ne bisa ɗaya, wato CaO ma mol 2.5. Daga ƙarshe a ninka 2.5 sau 56, a sami giram 140. Sauran giram 110 iskar CO₂ ce da ta tashi.

Kammalawa

Saboda haka muna ba malamai shawara kada su bar ɗalibi ya tsallaka daga nauyi zuwa nauyi sai ya bi ta kan mol, kuma ya tabbatar jimillar nauyin da ya fito ta yi daidai da wanda ya shiga.