Hasken asibiti ga jariri mai shawara: yana da illa?

Shawarar jarirai ba baƙuwa ba ce. Cikin jarirai 10 da suka cika wata tara, kusan 6 idonsu da fatarsu kan yi ɗorawa a makon farko, a bakwaini kuwa ta kan kai 8. Yawanci takan wuce da kanta. Wadda ta yi ƙarfi ce ake turo mai jego daga Rigasa zuwa asibitin Barau Dikko, ko ma na Shika, a kwantar da jaririn ƙarƙashin shuɗin haske. Hasken yana sauya sinadarin da ya taru a jini, jiki ya fitar da shi ta fitsari da kashi. Wata nas mai suna Jean Ward ce ta fara lura cewa haske yana rage ɗorawar jarirai a Ingila a 1956.

Kaka in ta leƙa ta ga jikanta tsirara, daga shi sai nafkin, an ɗaure masa ido, dole gabanta ya faɗi. Ɗaurin kariya ne, don hasken kan iya taɓa idon. Sauran illolin ƙanana ne: kashi mai ruwa-ruwa, 'yan ƙuraje, jiki ya yi zafi ko sanyi, ruwan jiki ya ragu. Maganin raguwar ruwan jikin shi ne nono akai-akai. Da an kashe fitilar, galibinsu sun tafi.

Ni abin da ya fi damuna shi ne fitilar da ba ta aiki. Ƙwai ya tsufa, yana haske a ido amma ƙarfinsa ya mutu. Ko an ɗauke wuta, janareta ba mai. Uwa tana da haƙƙin tambaya: an sake auna jinin jaririn? Adadin sinadarin yana sauka?

Sai matsalarmu ta gida. Shawara kan tsananta ne tsakanin kwana 3 zuwa 5, daidai lokacin da ake neman rago da goro, sai maigida ya matsa a sallame su saboda suna. Wasu kuma su shanya jariri a hantsi. Rana tana ƙona fatar jariri, tana kuma zafafa jikinsa. Gwajin amfani da hasken rana da aka yi a Legas, aka wallafa a 2015, ya yi amfani da rumfa ta musamman mai tace hasken ne, ma'aikata suna auna zafin jiki. Ruwan gulukos da jiƙo ba sa sauke shawarar. Kafur da ake zubawa cikin kayan jariri ma yakan farfasa jinin wasu yaran, ya ƙara musu ita.

In shawarar ta hau ƙwaƙwalwa, tana barin kurumta ko shanyewar jiki har abada. Don gane ta, a danna hancin jariri da yatsa a hasken rana, a duba launin wurin. In ɗorawar ta fito tun ranar haihuwa, ko ta kai tafin ƙafa, ko ya ƙi nono, yana kuka mai tsini yana banƙarewa, a nufi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.