Dokokin Kare Lafiyar Fasinjan Jirgin Sama: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwar Gombe Su Sani

GOMBE. Tun lokacin da gwamnatin Alhaji Muhammad Danjuma Goje ta gina filin jirgin sama na Lawanti, fatake da 'yan kwangila na unguwar Madaki da sauran sassan birnin Gombe suka sami hanyar kaiwa Abuja su dawo ba tare da doguwar tafiyar mota ba. Sai dai amfanin wannan hanya ya rataya ne a kan tsare dokokin da ke kare ran fasinja.

Alhakin haka yana wuyan Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, wato NCAA, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 49 ta 1999, ta fara aiki a shekarar 2000. Ita ke ba kamfanoni da matuƙa lasin, ita ke duba lafiyar jirage, kuma tana da ikon dakatar da duk wanda ya saɓa ƙa'ida. Kashi 5 cikin 100 da ake ɗorawa a kan kuɗin tikiti, ita da 'yan uwanta hukumomi ke rabawa domin gudanar da aiki.

Idan ba a manta ba, yawancin dokokin nan sun biyo bayan asarar rayuka ne. A ranar 4 ga Mayu, 2002, jirgin kamfanin EAS ya faɗa kan gidaje a Gwammaja cikin Kano, abin da ya sa gwamnati ta hana amfani da jirage samfurin BAC 1-11. A 2005 jiragen Bellview da Sosoliso suka faɗi cikin ƙasa da wata biyu, inda fiye da mutum 200 suka rasu. Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin ADC ya faɗi a Abuja, mutum 96 suka riga mu gidan gaskiya, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido.

A wannan shekara ta 2006 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar da ta ƙara wa hukumar 'yancin yanke hukunci. A 2007 kuma aka wajabta wa kamfanin da ke zirga-zirga a cikin gida ya mallaki jarin naira miliyan 500, matakin da ya fitar da kamfanoni da dama daga harkar. Dokar ta kuma tanadi diyya ga iyalan wanda ya rasu a haɗari, tare da biyan kafin alƙalami na dalar Amurka 30,000 cikin kwana 30. An sabunta ta a 2022.

Tsaurara doka yana da nasa tsadar. A farkon 2025 kamfanin Max Air ya sanar da dakatar da jigilar cikin gida na wata uku domin hukumar ta bincike shi, bayan da tayar jirginsa ta fashe wajen sauka a Kano. A gari irin Gombe, inda jiragen ba su da yawa, janyewar kamfani ɗaya takan rage kujeru, kuɗin tikiti ya hau. Haka nan hazon hunturu yakan tilasta ɗage tashi idan matuƙi ba ya iya hangen nisan da doka ta ƙayyade.

Saboda haka ɗan kasuwan da ke da alkawarin ciniki tsakanin Disamba da Fabrairu, gara ya tashi da kwana guda a hannu. Wanda kuma aka soke masa tafiya, yana da damar neman a mayar masa da kuɗinsa, in kamfani ya ƙi, ya kai kuka sashen kare haƙƙin fasinja na hukumar, riƙe da tikitinsa a matsayin shaida.