Noman rani a Kura da Bunkure: Wa ke horar da masu nazarin ɗabi'ar manomi?

Duk wanda ya bi gefen magudanan ruwan da suka ratsa gonakin Kura da Bunkure a tsakiyar rani zai ga abu guda yana maimaita kansa. Gonar da ke kusa da ƙofar ruwa ta sha har ruwa ya kwanta a fangali, wadda ke can ƙarshen magudana kuwa ganyenta ya fara yaushi, mai ita yana yawo da injin ban-ruwa yana neman inda zai tsoma tiyo.

An yi taruka a kan wannan matsala, an yi faɗakarwa a rediyo, malaman gona sun faɗa har sun gaji. Manomin da ke sama ya san ruwan da ya wuce kima yana wanke taki, yana kuma ruɓar da saiwa. Ya sani sarai, amma gobe ma haka zai yi.

Akwai fannin ilimi guda da aikinsa shi ne gano dalilin irin wannan tazara tsakanin abin da mutum ya sani da abin da yake aikatawa. Sunansa nazarin ɗabi'a, kuma a wasu ƙasashe sai da digiri na biyu ake zama ƙwararre a cikinsa.

Abin da fannin ke koyarwa

Tushen fannin yana komawa ne ga aikin masanin nan na Amurka, B.F. Skinner, wanda ya fitar da littafinsa na farko a kan batun a 1938. A 1968 wasu malamai uku na Jami'ar Kansas, wato Baer da Wolf da Risley, suka zayyana yadda za a yi amfani da shi a rayuwar yau da kullum.

Ginshiƙinsa ba shi da wuyar fahimta. Ana duba abubuwa uku ne: abin da ya faru kafin mutum ya yi wani aiki, aikin da ya yi, da abin da ya biyo baya. Idan sakamakon ya zo da wuri kuma ya yi masa daɗi, zai maimaita. Idan sakamakon yana nesa, ko babu tabbas a kansa, ƙarfinsa kaɗan ne.

A auna manomin bakin magudana da wannan sikeli. Idan ya cika gonarsa yau, nan take hankalinsa ya kwanta, musamman idan ya taɓa jiran ruwa bai zo a kan kari ba. Asarar takin kuwa sai ranar girbi za ta bayyana, kuma a lokacin yana iya ɗora laifin a kan iri ko hazo ko tsutsa. Wanda ke ƙishi a ƙarshen magudana wani ne daban. Ke nan ƙarin bayani ba lallai ya sauya komai ba. Abin da zai fi tasiri shi ne jadawalin ruwa da ba ya saɓawa, da ƙungiyar da ke iya hukunta wanda ya karya layi.

Haka batun feshi yake. Safar hannu da takunkumi suna takura mutum a cikin zafin Maris, kuma takurar a take ake jin ta, ita kuwa illar magani a jiki sannu a hankali take taruwa.

Filin bincike a bakin ƙofa

An gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma daga nan ruwan ke gangarowa zuwa dubban hektoci a ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na kusan dala miliyan 495 domin gyara manyan wuraren noman rani a Arewa, ciki har da wannan. Wani babban ɓangare na shirin shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su karɓi kula da ƙananan magudanai tare da tara kuɗin ruwa.

Siminti dai aikin injiniya ne. Amma biyan kuɗin ruwa, da fitowa aikin gayya don cire kachala, da bin layin ban-ruwa, duk ɗabi'u ne na dubban mutane, kuma a kansu gyaran zai ɗore ko ya rushe.

A nan gida, waɗanda aikinsu ya fi kusa da wannan fanni su ne sassan koyar da malanta gona da tattalin arzikin noma a jami'o'i. Jami'ar Ahmadu Bello na da Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, wadda ke da tashar binciken noman rani a Kadawa. Jami'ar Bayero kuma na da Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa, wato CDA, wadda Farfesa Jibrin Mohammed Jibrin ya jagoranta a shekarunta na farko. A 2014 ta shiga jerin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ke tallafa wa, tana horar da masu digiri na biyu da na digirgir daga Najeriya da maƙwabta.

Daga harabar Bayero zuwa Kura, tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce idan hanya ta yi kyau.

Takardar tambayoyi da gefen magudana

Sai dai wanda ya saba buɗe kundin binciken ɗalibai a wannan ɓangare ya san salon da ya fi yawa. Ɗalibi ya tsara takardar tambayoyi, ya yi 'yan kwanaki yana cikewa, ya koma ya zuba a kwamfuta. Sakamakon kusan an haddace shi: shekaru da ilimi da girman gona suna da alaƙa da karɓar sabuwar dabara, sai shawarar gwamnati ta ƙara wayar da kai.

Matsalar ita ce takardar na auna abin da manomi ya faɗa ne. Bahaushe kuwa mai kara ne. Baƙo ya zo daga jami'a ya tambaye shi ko yana jira 'yan kwanaki bayan feshi kafin ya tsinki tumatir, da wuya ya ce a'a, ko da kuwa jiya ya yi feshi yau kwandunansa na Kwanar Gafan.

Malamin nazarin ɗabi'a ba zai sa hannu a irin wannan aiki ba. Zai tura ɗalibinsa gefen magudana da agogo da takarda, ya ƙirga minti nawa kowace gona ke shan ruwa, na tsawon makonni kafin a taɓa komai. Zai tura mutum na biyu ya yi nasa ƙirgan daban, a gwada a gani ko sun dace. Daga nan a shigo da sauyi guda, misali allon jadawali da kowa ke gani, a magudana ta farko kawai. Bayan wani lokaci a kai ta biyu, sannan ta uku. Idan ɗabi'ar ta sauya a kowace magudana daidai lokacin da sauyin ya iso gare ta, an samu hujja mai ƙarfi ba tare da an tara mutum dubu ba.

Irin wannan haƙuri ba baƙo ba ne a Arewa. A tsakiyar shekarun 1960 David Norman, wanda ya jagoranci sashen binciken tattalin arzikin karkara a Samaru, ya sa ma'aikatansa suna ziyartar manoma a ƙauyukan Zariya sau biyu a mako tsawon shekara, suna rubuta aikin da aka yi a kowace gona. A lokacin ana kallon haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin ci-baya. Alƙalumansa suka nuna manomin yana da hujja: haɗin yana rage haɗarin asara, kuma yana biyan wahalar da aka sha. Wannan aiki na cikin waɗanda suka sauya yadda duniya ke binciken ƙananan manoma.

Nauyin da ke kan shugaban shiri

Tsara irin wannan horo ya fi tsara lacca wahala, kuma a nan ne aikin mai jagorantar shirin digiri na biyu yake.

Abu na farko da zai yi karo da shi shi ne kalanda. Tumatir da alkama ba su san zangon karatu ba: ana shiga gona wajen Nuwamba, a tashi wajen Maris ko Afrilu. Ɗalibin da aka jinkirta amincewa da tsarin bincikensa da wata biyu ya rasa shekara guda ke nan. Yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya nuna yadda lissafin ke iya wargajewa gaba ɗaya.

Sai batun sa ido. A Amurka, hukumar BACB da ke ba da shaidar ƙwarewa a fannin tana buƙatar digiri na biyu da kimanin awa 2,000 na aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Tun daga Janairun 2023 ta rufe ƙofar sabbin masu nema daga yawancin ƙasashen duniya, har da Najeriya. Ma'ana, duk jami'ar da ke son wannan ƙwarewa a nan, ita za ta gina nata tsarin sa idon. Malamin da ke riƙe da ɗalibai masu yawa, ga darussan 'yan digirin farko, ga taruka, yaushe zai tsaya a Bunkure ya kalli yadda ɗalibinsa ke ƙirga?

Ƙasar Birazil ta bi wata hanya da ta cancanci dubawa. A farkon shekarun 1960 Fred Keller, abokin Skinner, ya je koyarwa a can, inda shi da malaman ƙasar irin su Carolina Bori suka tsara salon da ɗalibi ba ya wucewa darasi na gaba sai ya nuna ya iya na baya, ɗaliban da suka yi gaba kuma suna duba na bayansu. Yau Birazil na cikin ƙasashen da fannin ya fi ƙarfi. Ɗalibin digirin digirgir ya duba masu digiri na biyu a gona, abu ne da ba ya buƙatar sabon gini.

Kuɗin mota da masauki kuwa, galibi daga aljihun ɗalibi suke fita. Shi ya sa takardar tambayoyi ke da farin jini: ita ce mafi araha.

Ba a kan manomi kaɗai ba

Akwai misalin da ya nuna amfanin kusanto wa mutum da sakamako. Lokacin da ake yaɗa buhunan PICS masu rufi uku na ajiyar wake, waɗanda Jami'ar Purdue ta samar, ba a tsaya ga bayani ba. A gaban jama'ar ƙauye ake ɗaure buhun, bayan watanni a sake tara su a kwance, kowa ya ga waken da ba magani kuma ƙwaro bai taɓa ba.

Amma fannin na da nasa haɗarin idan ya faɗa hannun mai girman kai, wanda zai ɗauki manomi abin gwaji. Tun 1978 Wolf ya ja hankali cewa mutanen da abin ya shafa su ne za su ce ko burin da aka sa gaba da hanyar da aka bi sun karɓu. Kuma sikelin nan na abubuwa uku yana hawa kan kowa. Mai buɗe ƙofar ruwa da ke makara, dillalin da ke sayen tumatir ba ya tambayar ranar feshi, har da malamin da ƙarin girmansa ya dogara da yawan maƙalu maimakon kwanakin da ya yi a gona, duk sakamako ne ke jan su.

Akwai kuma ɓangaren da ɗalibi namiji ba zai iya gani ba. Kura ta yi suna wajen sarrafa shinkafa, kuma babban kaso na aikin turara ta mata ne ke yi a cikin gidaje. Yawan itacen da suke ƙonawa, hayaƙin da suke shaƙa, da dalilin da ke sa wata ta karɓi sabuwar tukunya wata ta koma ga tsohuwa, duk a bayan zaure suke faruwa, inda namiji baƙo ke tsayawa. Shirin da bai ɗauki ɗalibai mata ba, ya kuma tanadar musu abin hawa da masaukin da iyaye da mazaje za su aminta da shi, wannan ɓangare na tattalin arzikin Kura ba zai shiga kundinsa ba.