Kakuri: Unguwar Da Masaƙu Suka Gina

Duk wanda ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya yi kudu, ya wuce tashar jirgin ƙasa, to zai iske Kakuri. A takarda unguwa ce cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, amma waɗanda suka zauna cikinta sun san gari guda ce a cikin gari, wadda masaƙu suka haifa suka rena. Mun ga ya kamata masu karatu su ji labarinta, balle mu na jihar Katsina, domin kuwa da audugarmu aka gina ta, kuma ta kan iyakarmu ta Jibiya wani sashe na abin da ya durƙusar da ita ya shigo.

A shekarar 1957 ne masaƙar Kaduna Textiles, watau KTL, ta soma aiki, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. Manufar ita ce audugar da ake nomawa a Funtuwa da Malumfashi da Gusau a saƙa ta a gida, maimakon a loda ta a jirgi zuwa Turai. Ba a daɗe ba sai ga Nortex, sai UNTL ta 'yan kasuwar Hong Kong a 1964, sannan Arewa Textiles mai jarin mutanen Japan. Bayan masaƙu kuma ga kamfanin ƙera makamai na DICON, ga na Peugeot da ya fara haɗa motoci a 1975.

Waɗannan kamfanoni su suka ba Kakuri halinta. Injuna ba su barci, saboda haka unguwar ma ba ta barci. Lokacin canjin aiki sai ka ga hanya ta cika maƙil da kekuna, masu tuwo da masu shayi suna jira a bakin ƙofa ko da tsakar dare ne. Bahaushe da Bajju da Tibi da Idoma da Bayarabe suna haya a gida ɗaya, suna tsayawa kan inji ɗaya, Hausa ce harshen da ya haɗa su. Albashin wata ɗaya yana biyan kuɗin makarantar ƙanne a ƙauye, ya sayi kwanon rufi. A nan kuma ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta yi ƙarfi. Adams Oshiomhole, wanda ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, daga baya ya zama gwamnan Edo, a Arewa Textiles ya fara aiki.

To, me ya faru? Ba cuta ɗaya ce ta kayar da su ba. Daga 1986, da aka kawo shirin SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran inji da na rini suka yi tsada, aka kuma rushe hukumar sayen auduga, manomi ya rasa tabbacin kasuwa. Wutar lantarki ta ƙi zama, baƙin man da ake hura tukunya da shi ya yi wuyar samu, injuna suka tsufa ba a canza ba. Ana cikin haka sai atamfa mai araha daga ƙasar Sin ta yi ambaliya. A sauke ta a tashar Kwatano, a haura da ita Jamhuriyar Nijar, daga Maraɗi ta tsallako ta hanyoyin Jibiya da makamantansu, ta sauka Kantin Kwari a Kano. KTL ta rufe a 2002, Arewa ta bi baya, UNTL ta sallami ma'aikatanta a 2007. Ma'aikatan KTL sun yi shekara da shekaru suna bin kuɗinsu na sallama, da yawa sun mutu ba su karɓa ba, suka bar gwauraye da marayu.

Duk da haka Kakuri ba ta watse ba. Kasuwarta tana ci, asibitin St. Gerard's yana karɓar marasa lafiya, tsofaffin masaƙa wasu sun koma acaba, wasu ɗinki, wasu gadi.

Ba mu ga laifin talakan da ya sayi zane mai araha ba, ko saurayin kan iyaka da ya rasa sana'a sai dakon kaya. Sai dai mu sani fa, manomin Malumfashi da mai saƙa a Kakuri igiya ɗaya ta ɗaure su, da ta tsinke duka biyu suka faɗi. Idan zumuntar mata ko 'yan biki za su fitar da anko, su tambayi mai kanti inda aka saƙa yadin. Hukumomi kuma su tuna, hakkin wanda ya yi gumi bashi ne, ba ya ruɓewa. Allah shi kyauta.